BLACKboard ko blackBOARD? Gardama kan harɗaɗɗun kalmomin Turanci

Malamar Sakandare:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a raba mana gardama. Jiya a ofishin malamai ni da wani abokin aikina muka cinye hutun tara kaf a kan kalma ɗaya, blackboard. Ni na ce gaɓar farko ake dannawa, BLACKboard. Shi ya kafe a kan blackBOARD, wai ai allon ake magana a kai, baƙin kuwa siffa ce kawai, don me za a fifita siffa a kan suna? Na rasa abin da zan ce masa, amma kunnena ya ƙi yarda da nasa. Ga 'yan aji shida suna jiranmu, takarda ta uku ta Turanci a WAEC tambaya 60 ce, kuma wannan abin yana ciki. Tambaya ta biyu: in kalma biyu suka haɗu suka zama ɗaya, ta ina ake yanka ta gaɓa-gaɓa?

Ɗalibin Jami'a:
Wa alaikumus salam Malama. Ke ce da gaskiya. Dokar sitires, wato dannawa, mai sauƙi ce: in dai kalma biyu aka haɗa, ta farko ake dannawa. Shi ke nan.

Tsohon Mai Karanta Labarai:
Ɗana, a ɗan sassauta da "shi ke nan" ɗin nan, za mu dawo kansa.

Malama, ke da abokin aikinki kowa ya faɗi Turanci daidai, sai dai ba abu ɗaya kuka faɗa ba. In Bature ya ce black BOARD, ya danna ta biyu, to katako yake nufi, kowane irin katako, wanda aka shafa wa baƙin fenti. In ya ce BLACKboard, allon aji yake nufi, kuma launi ya fita daga maganar. Shi ya sa zai iya cewa a green blackboard, koren allo, ba wanda zai yi masa dariya. Haka green HOUSE gida ne mai koren fenti, GREENhouse kuwa ɗakin gilashi ne da ake rainon shuke-shuke. White HOUSE kowane farin gida ne a unguwarku, WHITE House guda ɗaya ce tak, fadar shugaban Amurka. Akwai wani tsuntsu a Ingila da suke kira BLACKbird, macensa ma ba baƙa ba ce, ruwan ƙasa ce, amma sunan bai canza ba.

Ki gwada masa wannan da ya shafe ku kai tsaye. ENGlish teacher mai koyar da Turanci ne, ko daga Gumel ya fito. English TEAcher kuwa malami ne ɗan Ingila, ko da lissafi yake koyarwa. Ki tambaye shi wanne ne shi a ciki.

Malamar Sakandare:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan na ƙarshen zan fara kai masa gobe da safe.

Malamin Hausa:
Ina jin daɗin hirar nan, domin abin da ake ta kai wa Ingila nema yana cikin bakinmu. Farar hula fa? In na ce na sayo farar hula a kasuwa, hula ce fara. In na ce gwamnatin farar hula, ko mutumin rawani ya naɗa, ko kansa a buɗe yake, farar hula ne. Jan baki na kwalliya ana samunsa har da ruwan hoda, sunansa dai jan baki. Wannan shi ne blackboard ɗinku.

Amma inda Hausa ta fi kama da abin da Baba ya bayyana shi ne harɗaɗɗun sunayen da suka fara da aikatau. Kowa ya furta waɗannan biyun a bakinsa yanzu: "Ladi ta dafa duka" da kuma "Ladi ta yi dafa-duka". A ta farko muryarka ta hau a kan da, ta sauko a kan fa. A ta biyu dafa ɗin gaba ɗaya ya kwanta ƙasa. Haka "ya hana salla" da hular nan hana-salla. Babu wanda ya zaunar da mu ya koya mana, amma da ka ji karin sautin ya faɗi ka san an daina ba da labari, an koma kiran sunan abu. Turanci da dannawa yake wannan aikin, mu da karin sauti.

Ɗalibin Jami'a:
Wato kenan nauyin kalmar a Turanci shi ne karin sautin sama a Hausa?

Malamin Hausa:
A'a, kuma don Allah kada a ce nauyi, za a rikita mana ɗalibai. A nazarin Hausa gaɓa mai nauyi tana da ma'anarta daban: mai dogon wasali ko wadda baƙi ya rufe, irin wadda masu auna waƙa ke ƙirgawa. Karin sauti hawa da saukar murya ne kawai, shi ya raba kuka na hawaye da kuka ta miya, ya raba wuya na jiki da wuya ta wahala. Dannawar Turanci ta haɗa abu uku ko huɗu: gaɓar takan fi tsawo, ta fi ƙara, muryar ta motsa a kanta, kuma wasalinta ya fito cikakke, na maƙwabtanta kuma sau da yawa su shanye. Wannan shanyewar ce ba mu da ita. Mu kowace gaɓa muna ba ta haƙƙinta.

Tsohon Mai Karanta Labarai:
Madalla da Malam. Shanyewar nan ita ta fi ba mu wuya lokacin da muke koyon karatu a gaban makirfo. Ɗauki breakfast. A rubuce break ne da fast, karya azumi, daidai da karin kumallonmu. A baki kuwa babu break babu fast, brek ne a danne, sai wani ɗan guntun fəst a bayansa. Cupboard kuma cup ne da board, amma p ɗin ta mutu, board ɗin ya tsuke. Abin dariya, Bahaushen da ya ce kabad ya fi kusa da Bature a kan ɗan bokon da ke cewa kop-bod. Haka hankici: handkerchief, Bature ma ba ya furta d ɗin. Kakanninmu da kunne suka ɗauka, mu muka zo da ido muka ɓata.

Man ɗin da ke postman da chairman da policeman shi ma ya shanye. Kuma in kalma ta tsufa sosai, ɗinkin da ya haɗa kalmomin biyu ma ɓacewa yake. Holiday daga holy day ne, shepherd daga sheep da herd, sunan furen daisy daga day's eye, wato idon yini. Yau ba mai jin su a matsayin kalma biyu.

Mazauniyar Landan:
Sallama gare ku. Baba ya yi alkawarin dawowa kan "shi ke nan" ɗin ƙanena, bari in riga shi, don ni abin a jikina na ji shi.

A garin nan ana cewa OXford Street, DOWNing Street, a danna ta farko. Amma Oxford CIRcus, Trafalgar SQUARE, Park LANE, Tottenham Court ROAD, duk ta ƙarshe. Titi ne da titi, wasu ma a jikin juna suke. In dai street ne, gaba. In road ne ko avenue ko lane ko square, baya. A Amurka ma haka, WALL Street amma Fifth AVenue. Na tambayi wata Baturiya da muke aikin dare tare dalili, ta dube ni ta ce ita ba ta taɓa lura ba ma.

Kicin ya fi wannan rikici. APple cake, amma apple PIE. ORange juice, amma orange SQUASH. CHRISTmas cake da CHRISTmas card, amma Christmas PUDding da Christmas DAY. Ƙanena, ina dokar take a nan?

Ɗalibin Jami'a:
Yaya kin kashe ni. Amma fa ba daga kaina na ƙirƙiro ba, a aji aka ba mu. Noam Chomsky da Morris Halle ne suka tsara ta a littafinsu na sautin Turanci na 1968: doka ɗaya ta harɗaɗɗiyar kalma mai kai dannawa hagu, ɗaya ta yankin jimla mai kai ta dama.

Tsohon Mai Karanta Labarai:
Dokar ba ƙarya ba ce, ɗana, tana kama mafi yawan sunaye, musamman waɗanda aka rubuta a manne: CLASSroom, FOOTball, TOOTHbrush, AIRport, HEADache. In ka shiga jarrabawa ba ka san kalma ba, ka bi ta. Amma tana da ƙofofi, kuma ƙofofin ba a warwatse suke ba, yawancinsu suna da tsari.

In kalmar farko tana faɗin abin da aka yi abu da shi, dannawa takan koma baya: paper BAG, gold WATCH, leather JACKet, stone WALL. Dubi bambancin da PAper clip, wanda ba da takarda aka yi shi ba, takarda yake riƙewa. TOY factory masana'antar da ke yin kayan wasan yara ce. Toy FACtory kuwa ita kanta 'yar masana'antar abin wasa ce. In ta farko wuri ce ko lokaci, nan ma sau da yawa baya: kitchen SINK, city CENtre, morning PRAYers. Siffofi ma haka: old-FASHioned, bad-TEMpered, second-HAND, first-CLASS, wanda muka mayar faskila. Sai aikatau mai ɗan wutsiya: mota takan break DOWN, amma abin da ya same ta BREAKdown ne. Jirgi zai take OFF, tashin nasa TAKEoff.

Cake da juice da street su ne 'yan tawayen da suka ƙi bin wannan tsarin na biyu. Waɗannan haddace su ake yi.

Mazauniyar Landan:
Akwai kuma masu ing. 'Yata za su tafi kwana a daji da makarantarsu, na shiga shago na ce ina neman sleeping BAG. Mai shagon ya gane, ya kawo. Muna fita yarinyar nan ta ce, "Mama, jakar ce take barci?" SLEEPing bag jakar da ake barci a ciki, in ka danna bag, ka ce jakar ce ta yi barci. Haka WALKing stick, SWIMming pool, WAITing room, duk abin da ake yin aikin da shi ko a cikinsa. Amma running WAter, don ruwan ne da kansa yake gudu. Tun ranar ban sake mantawa ba, kunyar 'yar shekara tara ta fi bulalar malami.

Ɗan Kasuwar Waya:
Ni fa ku gafarce ni, malamai. Mai shagon ya gane ko bai gane ba? Ya gane. To mene ne abin wahalar da kai? Kullum ina waya da 'yan Chana da 'yan Legas da Indiyawa, kowa da irin Turancinsa, kaya suna zuwa, kuɗi suna tafiya. Ba wanda ya taɓa riƙe mini kwantena don na ce earPHONE. Mu bar wa Turawa kayansu mana.

Malamar Sakandare:
Alhaji, kwantena ba ta riƙewa, amma sakamakon yaro yana riƙewa. Masu jarrabawar da manyan baƙaƙe suke rubuta gaɓar da aka danna, su ce zaɓi daidai, kuma ma'auninsu na Ingila ne.

Ɗalibin Jami'a:
Amma maganar Alhaji tana da tushe. Masu nazarin Turancin Najeriya, irin su David Jowitt da ya koyar a Jami'ar Bayero, sun rubuta cewa mu mun saba tura dannawa zuwa dama. Shi ya sa za ka ji fireWOOD da classROOM a bakin mai digiri, ba jahilci ba ne, salon ƙasa ne. Abokin aikin Malama ma abin da kowa ke faɗa ya faɗa, sai dai ya ƙara masa hujja.

Tsohon Mai Karanta Labarai:
Ni ba na cikin masu raina Turancinmu. Turawan ma ba su daidaita ba: ɗan Ingila yakan ce weekEND da ice CREAM, Ba'amurke ya ce WEEKend da ICE cream, ba wanda ya kai wani kotu. Abin da nake ƙi shi ne malami ya koyar da abu bai san akwai wani ba. Alhaji ya sayar da wayarsa yadda ya ga dama. Amma wadda aka damƙa wa yara sittin, ya kamata ta san inda dannawa ke canza ma'ana da inda ado ne kawai.

Ɗan Kasuwar Waya:
Na karɓa, Baba. Amma earPHONE ɗina yana nan.

Ɗan Maraɗi:
Ku kuna kuka da targaɗe, mu karaya gare mu. Mu da muka yi lakwal da Faransanci, kunnenmu ya saba da murya ta sauka a gaɓar ƙarshe ta kowane yankin magana, kullum, babu zaɓi. Da na fara Turanci komai sai in kai shi ƙarshe: footBALL, weekEND, airPORT. Mushenmu, wato malaminmu, yakan buga tebur da hannu a gaɓar farko har sai mun bi. Don Allah a koma tambayar Malama ta biyu, ta yankan gaɓa, ita ta fi damuna.

Malamin Hausa:
Bari in fara daga namu ɓangaren, Baba ya ƙarasa. Gaɓar Hausa iri uku ce kawai: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Ba ma fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere. Turanci kuwa yana jera uku a farko, kamar a street da screw. Shi ya sa duk kalmar da ta shigo hannunmu sai mun cusa mata wasula. Screwdriver gaɓa 3 ce, sukudireba 5. Loudspeaker 3, lasifika 4. A aron kalma wannan ba laifi ba ne, gyara ne. Matsalar ita ce yaro ya shiga jarrabawa yana ƙirga bi-lak-bod, ya samu 3, alhali blackboard gaɓa 2 ce. Classroom ma 2 ce, ba ki-las-rum ba. Malama, ki sa su ƙirga wasulan da ake ji a bakin mai harshen, ba waɗanda bakinmu ya ƙara ba, ba kuma waɗanda aka rubuta ba. Toothpaste wasali huɗu ne a rubuce, gaɓa biyu a baki.

Tsohon Mai Karanta Labarai:
To ga ƙa'idar, kuma wannan ta fi ta dannawa tsayawa da ƙafarta: a harɗaɗɗiyar kalma, wuƙa tana fara sauka ne a kan ɗinki. Ka raba kalmomin biyu tukuna, sannan ka yanka kowacce yadda take in tana ita kaɗai. News-pa-per, grand-fa-ther, pine-ap-ple, tooth-ache.

Amfanin wannan yana fitowa inda haruffa suka yi maƙwabtaka ta haɗari. Ido ya saba ganin th da sh da ph a matsayin sauti guda. To pothole fa? Pot-hole ne, ramin titi, t daban h daban. Haka light-house, ant-hill, sweet-heart, foot-hold. Grasshopper, wato fara, grass-hop-per ne, babu sha a ciki. Uphill da loophole babu fa a cikinsu. Na taɓa jin wani sabon ma'aikaci ya karanta loophole a matsayin lufol, kai tsaye a iska, kuma da yake mu da p da f dama ba ma shiri, bai ma san ya yi wani abu ba. Nowhere no-where ne, in ka yanka now-here ka juya ma'anar gaba ɗaya. Manslaughter kuma man-slaugh-ter ne, kisan kai ba da niyya ba. Matsar da wuƙar harafi ɗaya ka ga ta koma dariyar mutum.

Kunne ma yana jin ɗinkin. Riƙe 'yar takarda a gaban bakinka ka ce ice cream, sannan ka ce I scream. A bakin Bature k ɗin cream yana fita da iska, takardar ta motsa. Na scream kuwa s ta riga ta danne iskar. Haruffan sautin iri ɗaya ne, wurin yankan ne ya bambanta.

Malamin Hausa:
Baba, a nan akwai inda muka fi kowa riba. Midday, roommate, bookcase, lamppost, penknife: baƙin da ya rufe kalmar farko shi ya buɗe ta biyu, kuma ana riƙe shi ya yi tsawo. Wannan ai shadda ce. Wanda ya san bambancin daba da dabba ba sai an koya masa mid-day ba.

Tsohon Mai Karanta Labarai:
Haka ne, amma ribar tana da ƙaya. Da yake muna da shadda, sai mu riƙa sa ta duk inda muka ga harafi biyu. Dinner, happy, letter, summer, duk baƙi ɗaya ne a baki, rubutu ne kawai ya ninka shi. A wajen ɗinki irin na room-mate ake riƙewa. Penknife ma dubi abin: k ba a furta ta, n biyu ne suka haɗu.

Malamar Sakandare:
To ɗige-ɗigen da nake gani a tsakiyar kalma a ƙamus fa? Na ɗauka su ne gaɓoɓin.

Ɗalibin Jami'a:
Ba kullum ba, Malama. A ƙamus ɗin Merriam-Webster ɗigon da ke cikin kalmar yana nuna inda za ki iya karya ta ne in layi ya ƙare miki a rubutu. Gaɓoɓin furuci suna cikin rubutun sautin da ke gefe. Ko a karyawar ma an saba: tsohuwar al'adar Ingila ta fi bin asalin kalma, know-ledge, ta Amurka ta bi furuci, knowl-edge. A rubutun sauti ki nemi 'yar sandar da ke sama, tana zuwa ne kafin gaɓar da aka fi dannawa. Ta ƙasa kuma dannawa ce ta biyu, mai rauni.

Tsohon Mai Karanta Labarai:
Yau ɗana ya fanshi kansa. Mu a zamaninmu ƙamus ɗin furuci na Daniel Jones ne a kan tebur, wanda ya fara fitowa a 1917, bango duk ya yage. Daga baya na John Wells ya zo a 1990. Su biyun ma ba su yanka kowace kalma wuri ɗaya ba, musamman baƙin da ya faɗo tsakanin wasula biyu, don haka kada ki tsananta wa yara a kan wannan. A kan ɗinki dai ba a cika saɓawa ba.

Abu ɗaya da zai iya ba ki kunya a gaban aji: dannawa tana gudu. Kin koya musu afterNOON da second-HAND, daidai ne. Amma in wata kalma mai ƙarfi ta biyo baya, sai ta ja gaba: AFternoon TEA, SECond-hand CAR. Turanci ba ya son dannawa biyu su yi karo. Wannan masu dannawar baya kawai yake samu. BLACKboard ba ya motsi ko me ya biyo shi.

Ɗan Maraɗi:
To headmaster fa? Na ji ana cewa headMASter, ga kuma HEADache da HEADline. Kai ɗaya ne ai.

Mazauniyar Landan:
HeadMASter nake ji a nan, da loudSPEAKer. Headquarters kuwa na ji ta ta kowane gefe. Kada ka tambaye ni dalili, ɗan uwa, ni ma sauraro nake.

Malamar Sakandare:
Na dawo da rahoto. Na kai masa English teacher, ya yi shiru, ya ce shi dai ba ɗan Ingila ba ne. Dafa-duka kuwa a aji na gwada, na sa yara suka yi ta faɗin "ta dafa duka" da "dafa-duka", sannan black board da blackboard, har wata yarinya a layin baya ta ce, "Malama, ashe suna ne yake cinye labarin." Amma mutumin naku bai saduda ba. Ya ce tunda yanzu an cire baƙin allo an kafa fari, in faɗa masa ina ake dannawa a whiteboard marker, kalma uku.

Tsohon Mai Karanta Labarai:
WHITEboard marker. Whiteboard ta riga ta zama kalma ɗaya, marker ya zo ya jingina da ita, kamar FOOTball match. Ki gaishe shi, ki ce in ya shirya akwai Christmas pudding yana jiransa.